Jaridun da Kaka ta hana a karanta

In maganata ta karkace a yi mini haƙuri. Yayana Bukar soja ne. Kwanakin baya aka kai wa sansaninsu hari can wajen tafki, wayarsa ta daina shiga, ni kuma na daina barci. A cikin kwanakin nan babu wadda nake tunawa kamar kakarmu, Kaka Falmata, da wutar bandar kifinta a Nguru.

A wajenta muka tashi ni da Yaya Bukar. Da an idar da sallar magariba za ta jera tarwaɗa a kan waya, ta tura itace, hayaƙi ya cika gidan. Mu zauna a tabarma idanunmu na hawaye, ita kuwa ko a jikinta. Ni takan ce mini ƙawata, shi kuma angona.

A ɗakinta akwai wani akwatin ƙarfe cike da tsofaffin jaridu. Tana da ƙane, Modu, wanda ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba. A lokacin jirgin ƙasa yana zuwa Nguru da fataken kifi daga Kano da kudu, su zo da jaridun da suka naɗe kayansu. Duk wadda ta ga hoton soja a jiki, ko manyan baƙaƙe a sama, sai ta ba da kifi ta karɓa. Ba ta yi boko ba, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Amma tana shanya su a inuwa bayan damina, ta zuba musu ganyen dogonyaro saboda gara. Taɓawa an yarda, karantawa ce ba a yarda ba.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai wadda take yi in ta gaji sosai. Takan ce, "Ku matso, ga wata nan ta iso da laka a ƙafa." Mu ce ta shigo, mun share mata wuri.

Wai a zamanin da ake sayar da mutane, akwai wata baiwa Nagode, tana zaune a rinjin ubangidanta, wato ƙauyen bayinsa, a bakin kogi. Aka ɗauke ɗanta tilo aka tafi da shi yaƙi yana ɗaukar kaya. Tun daga ranar, da ta ji gangar mai shela sai ta ruga ta zuba gero a turmi ta kama daka da ƙarfi, don kada ta ji an ce ɗanta ya mutu. Ran nan mai shela ya zo ya ce yaƙi ya ƙare, bauta ma ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Nagode tana can tana daka. 'Yan'uwanta suka ɗaure kayansu suka zo su gaya mata, ta toshe kunne ta ce, "Na haɗa ku da Allah kada ku faɗa mini." Suka tafi. Ubangidan kuwa ya ja bakinsa ya yi shiru, ina ruwansa, ya samu mai daka.

Sai da kanta ya yi fari fat wani masunci ya tsaya shan ruwa, ya ce, "Iya, ke wa kike yi wa bauta har yanzu?" Shi ya gaya mata. Ya kuma gaya mata cewa wani saurayi ya taɓa zuwa mashigin nan yana neman uwarsa, aka ce masa bayin rinjin duk sun watse, ya juya ya yi gabas.

Nan Kaka take tsayawa ta juya kifinta. "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Wata rana Yaya Bukar ya ce, "To Kaka, ke ma ai Nagode ce. Ga jaridu kin tara kin hana a karanta."

Ta ɗaga itacen tura wuta kamar za ta kwaɗa masa. "Ji mini ango mara kunya! Ko sadakina ba ka gama biya ba za ka kafa mini doka? Gobe ba ka da kan kifi."

Muka yi ta dariya. Ita ma ta yi, amma daren nan ba ta ƙara wata tatsuniyar ba.

Da na shiga sakandare na fara jin Turanci, na ce mata ta kawo in karanta mata. Ta dube ni ta ce, "Ƙawata, muddin suna rufe, Modu yana hanya." Haka ta rasu ba ta ji ko layi ɗaya ba. Da muka dawo Gashuwa wajen Innarmu, ni na ɗauko akwatin.

Bayan harin nan sai wata baƙuwar lamba ta fara kirana. Safe da yamma. Ni kuwa na riga na ji yadda ake yi, baƙuwar lamba ce take kira ta ce a yi haƙuri. In ta fara ruri sai in kife wayar in tashi in kama wanke-wanke. Ban gaya wa Inna ba.

Yau da hantsi wani malamin jami'a ya zo gidanmu, kawuna ne ya ba shi labarin akwatin. Dattijo ne, aikinsa ke nan tara tsofaffin jaridun da suka kawo labarin yaƙi. Ya ce yana da har wata ta ƙasar waje, ta mutanen da suka yi fafutukar hana cinikin bayi, duk ta yi ja don tsufa. Na fito masa da akwatin zaure. Yana ɗaga jaridun a hankali da yatsa biyu, sai ya ce, "Ikon Allah. 'Yata, waɗannan ai tun da aka ajiye su ba a taɓa buɗe su ba. Dubi yadda shafukan suka manne."

Wayar tana cinyata ta kama ruri. Na kife ta.

Ya ce, "Ba kiranki ake yi ba?"

Na ce ban san lambar ba. Ya ci gaba da raba takardun da suka yi shekara da shekaru a naɗe. Na dube su, na dubi wayar. Wallahi ban san lokacin da na ɗauka ba.

"Ke ce Hajara? Haba baiwar Allah, tun yaushe nake nemanki!" Ma'aikaciyar asibiti ce a Maiduguri. Yaya Bukar yana da rai. An yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Lambata kaɗai ya haddace, kuma kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ya yi ta roƙo a kira masa wani na gida ya ji muryarsa. Ta kira. Ina jin kiran, ina wanke kwanuka.

Da ina yarinya na ɗauka Nagode wawuya ce, Kaka kuma ta fi ta wayo tunda ita ke ba da labarin. Yanzu na gane tana gaya mana abin da ita ta kasa ne, ko mu ma iya. Tsoro bai rage mini komai daga abin da ya faru ba. Abin da ya yi kawai, ya bar yayana shi kaɗai a ranar da ya fi bukatar murya. Wannan ba zan iya mayar masa ba, kuma na gaji da juya shi a raina.

Da malamin ya tafi na shiga ciki. Inna ta ga fuskata, ta miƙe da sauri ta nufi madafa tana cewa, "Bari in duba tukunya, Hajara, bari tukuna."

Na bi ta na riƙe hannunta. Na ce, "Inna, zauna. Yana da rai." Sannan na gaya mata sauran, har da ƙafar.