Wayar da ta shiga bahon faci

Ni ba mai karatu ba ne. Aji uku na yi na gudu, tun daga nan hannuna ke cikin taya. A unguwar Roumdé Adjia ta Garuwa nake faci, gindin wata dalbejiya, da famfona da ƙarfen ɓare taya da tsohon bahon ruwa da nake tsoma tiyub in ga inda iska ke fita.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana shekara sha shida, tana lise, wato sakandare, wani yaro ɗan makarantarsu ya ba ta waya toshi. Ubansa na da manyan motocin ɗaukar auduga. Uwarta ta yi murna. Ni na yi shiru, kuma laifina na farko ke nan.

A wayar take karanta labaran soyayya irin na 'yan mata. Da yamma sai ta karanta wa uwarta suna tsinkar yakuwa. Ran nan ina cin tuwo na ji saurayin cikin labarin ya kwaɗa wa budurwa mari don ta gaida wani, washegari ya zo da turare yana kuka.

Na ce, "Wane jakin ne ya rubuta wannan?"

Suka kwashe da dariya. Ta ce, "Baba, kai ba za ka gane ba. Kishi ne, so ne ya yi masa yawa."

Sannu a hankali yarinya ta sauya. Waya ta yi ƙara, ko loma ce a hannunta sai ta yar. Duk inda ta je sai ta tura wa yaron hoto. Ta daina zuwa gidan ƙawayenta, ta fara cewa makarantar ma ta ishe ta.

Wata Asabar ta kawo mini abinci wurin aiki, mayafi ya zame, na ga shatar yatsu a hannunta. Ta ce ƙofa ce ta buge ta.

Na ce, "Uwata, na tsufa cikin taya. Na san wadda ƙusa ta huda, na san wadda aka yanka da wuƙa. Ƙofa ba ta da yatsu."

Ta fashe da kuka. "A littafi ma haka suke, Baba, daga baya su shiryu."

"Wanda ya rubuta ba a hannunsa shatar take ba."

Na je wurin uban yaron. Ko tabarma bai ba ni ba. Ya ce, "Yara ne, malam, mu ma mun yi." Makwabta suka ce kada in toshe wa 'yata arziki. Na ce su ɗauki arzikin su ba nasu 'ya'yan.

Asabar ta zagayo, tana zaune a bencina, waya na ta ƙara ta ƙi ɗauka. Can sai ga yaron a moto, wato babur, ko gaisuwa babu.

"Ke! Sau nawa na kira ki?"

Ƙarfen ɓare taya na hannuna. Ba zan yi ƙarya ba, na so in ɓare masa kai. Abin da ya hana ni, na san idan na yi, gobe ni ne a komisariya hannun 'yan sanda, shi kuma ya zama abin tausayi irin na littafinta.

Sai na ce, "Uwata, abinki ne. Ki yi yadda kika ga dama."

Ta miƙe. Ta dube shi, ta dubi wayar, ta sake ta cikin bahon faci. Muka tsaya mu uku muna kallon kumfa na tasowa.

A al'adarmu, in magana ta mutu, toshi ake mayarwa. Na tsamo wayar tana ɗiga baƙin ruwa, na ƙulle a leda, na rataya masa a kan moto.

"Ga kayanka, yaro. Ka gaida babanka."

Har yau akwai waɗanda ba sa kawo mini faci saboda wannan. Su kai wani wuri, Garuwa da faɗi. Uwata ta gama lise. Tana karatun labaranta har yanzu, amma in ta zo kan mari sai ta ja tsaki, ni kuwa in ci gaba da cin tuwona.