Finjalin Baba Kolo da Ya Buɗe Bakin Mutari

Kafin rana ta hau kan duwatsun Birni, Baba Kolo ya riga ya dawo daga rijiya da tulu a kafaɗa. Ba ya yarda wani ya ɗebo masa. Zai tace ruwan da farin ƙyalle sau biyu, ya hura wuta, ya ɗora tukunyar burabusko, tsakin geron nan na Barebari, gefe guda kuma miyar yakuwa da man shanu. In ya gama sai ya share gaban rumfa, ya shimfiɗa tabarmi huɗu, ko da yake an jima ba a cika biyu ba. Daga nan ya jawo kaskon gawayi da 'yar butarsa mai shuɗin fenti, ya zauna yana duban hanyar arewa.

Rumfar tana ƙarshen Zango, inda a da ake durƙusar da raƙuman ayarin Tarabulus. Shi kansa da ayarin ya zo garin nan, shekara ashirin yana dafa wa madugai abinci a cikin rairayi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, fatake suka juya kudu, filin ya zama na awaki. Matarsa ta rasu a shekarar yunwa, ba su bar ɗa ba. Bana kuma yanar ido ta sauko masa, ya ce in damina ta faɗi zai ajiye muciya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Illa baduku, tun yana iya jin a karanta masa.

Damagaram ba ta rasa wurin ci ba. Mai son masa ya tafi gindin tsamiya wajen Barira, amma ya yi sammako. Mai son tsire ya bi hayaƙi har bakin kasuwa, zai tarar da Nomau. Furar matan Gaffati kuwa ba ta kai azahar. Duk waɗannan sai ka ci ka tashi. Wurin Baba Kolo ne kawai ba a tashi, domin bayan burabusko akwai koren shayi finjali uku, kuma wanda ya sha na fari bai jira na uku ba ya yi masa rashin kunya.

Yana da abin da yake faɗi game da ganyen nan, ba daga littafi ba. Ya ce a hanyar Bilma ya lura, waɗanda ke shan ruwan rijiya ɗanye su ne zawo ke kayarwa, masu jiran buta ta tafasa kuwa suna kai gida da ƙafarsu. Ya ce yana yanke maiƙo, yana sauke nauyin kai, yana korar kasalar rana. Wani Bafulatani mai suna Buba, da ke kawo masa man shanu, ba ya barin ya gama, don Baba Kolo Babarbare ne, akwai wasa tsakaninsu.

"Kai bawana, yau ma wa'azin ruwan ɗacin ne? Zuba wa ubangidanka, ka yi shiru."

"Zauna, mai ƙafar tsinke," in ji Baba Kolo. "Ba don tukunyata ba, da tuni iska ta kai ka Katsina."

Dariyar da ake yi a rumfar ke nan, kuma sai ranar kasuwa. Sauran kwanaki shi da butarsa ne, sai ko ni.

Abin da ya yi wa gidana ga shi. Shekarar da Nasara suka kwashi samari su yi musu dakon kaya zuwa Agadas, gardi, dogarin Nasara, ya shigo unguwarmu ya nuna ɗana Mutari da sanda. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa Hajjo. Wata bakwai ba labari. Ran da ya dawo, sai da ya yi sallama muka gane shi. Muka yanka akuya, dangi suka cika gida, aka ajiye masa akushi. Ya dube shi, ya juya fuska bango.

Muka ce gajiya ce. Kwana uku, kwana goma, sai ruwa da ɗan farau-farau in uwarsa ta yi kuka. Na karɓo rubutu, na karɓo turare, na kai shi wurin likitan bariki ya duba harshensa ya ce ba ya ganin ciwo. A gida kuwa kalma ɗaya ce a bakin kowa: ci. Uwarsa ta ce ci, goggonsa ta ce ci, ni ma in na tashi daga ɗinkin fata na tsaya a kansa na ce, "Mutari, don darajar iyaye ka ci." Wuyansa ya zama kamar na zabo. Na fara auna tsawonsa da ido, ina jin kunyar abin da nake aunawa.

Wata safiya na wuce ta ƙarshen Zango, Baba Kolo ya kira ni.

"Illa, an ce ɗanka ya dawo ta hanyar arewa. Me ya sa ba ka kawo mini shi ba?"

"Baba, ba ya cin abinci. Me zai yi a wurin mai abinci?"

"Wa ya ce zan ba shi? Ka kawo shi ya taya ni zama. Kai kuma in kun zo ka rufe bakinka."

Na kai shi a kan jaki. Baba Kolo bai tambaye shi lafiya ba, bai ce sannu da hanya ba. Ya nuna masa tabarma, ya ci gaba da fifita gawayi. Da shayi ya nuna, ya ɗaga buta sama ya zuba har ya yi kumfa, ya miƙa masa na fari, mai ɗacin nan da ba a cika masa sukari. Mutari ya karɓa, don ba a mayar wa tsoho hannu. Ya sha uku, muka koma gida. Washegari haka, jibi haka. Tukunya na tururi a bayansu, ƙamshin man shanu ya cika rumfa, tsohon nan bai ko waiwaye ta ba. Na kasa haƙuri na ja shi gefe.

"Baba, ɗana na ƙarewa, kai kana ba shi ruwan ganye."

"Finjalin fari yana da haƙori," ya ce. "In bai tarar da abinci a ciki ba, sai ya ciji mai cikin. Bar shi ya yi ta cizonsa, ciki zai kai ƙara da kansa. Amma ba ciki ne ya rufe masa baki ba, Illa. Wannan kuwa sai ya ga dama."

A kwana na shida, tsakanin finjali na biyu da na uku, Baba Kolo ya soma magana yana duban wuta, kamar da gawayin yake.

"Shekarar da muka ɓata hanya bayan Bilma, ina da aboki Ɗanladi. Ya kwanta, ba ya iya ɗaga kai. Akwai sauran ruwa a salkarsa. Na zauna kusa da shi har rana ta karkata, sannan na kwance salkar na sha. Idonsa biyu. Ban taɓa gaya wa matata ba."

Ina zaune a bakin rumfa, na ga Mutari ya ajiye finjalinsa a tabarma.

"Zakari sunansa," in ji ɗana. Rabon da in ji muryarsa sosai tun kafin a tafi da shi. "Mutumin Dakusa. Tafin gero ɗaya ake ba kowa a wuni. Da ya kwanta, kwana uku ina karɓar nasa ina cinyewa. Na ce masa ba a raba ba."

"Da ka ba shi zai tashi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni ma ban sani ba. Shekara arba'in ban sani ba." Ya zuba na uku, mai zaƙi. Sannan ya miƙe a hankali, ya ɗebo burabusko a akushi ɗaya, ya ajiye a tsakaninsu, ya wanke hannu ya fara ci shi kaɗai. Bai ce bismilla ga kowa ba sai ga kansa. Ya yi loma huɗu ko biyar. Can sai na ga hannun Mutari ya shiga akushin. Na tashi na zaga bayan rumfa, don kada su ga uba yana abin da nake yi.

Kai ne, Baba Kolo, inuwar ƙarshen Zango. Kai ne ka san cewa akwai yunwar da ba a tsaya mata a ka da akushi. Ka tono abin da ka binne shekara arba'in, ka shimfiɗa shi gaban yaron da ba ka haifa ba, don ya sami inda zai ajiye nasa. Malamai sun yi nasu, likita ya yi nasa, kai ka yi da ganye tafi ɗaya da haƙurin zama.

Wata biyu Mutari yana zuwa rumfar, jiki na dawowa. Ran da ya iya ɗaukar tulu, ya same ni a wurin aiki ya durƙusa.

"Baba, zan tafi Dakusa. Zakari ya ce uwarsa ba ta da kowa sai shi. Zan gaya mata yadda aka yi, in ta yarda in nome mata gonarta."

Na je wa Baba Kolo da fushi, na ce ya warkar mini da ɗa ya miƙa wa wata. Ya ce, "Kana son shi kwance a ɗakinka, ko tsaye a gonar mutane?" Na sha ukuna na tafi.

Damina uku ke nan. Tsohuwar ta ji, ta yi kukanta, ta nuna masa gona. Mutari yana zuwa mana da salla, ya kwana biyu ya koma. Yanzu mafi yawan ranaku mu biyu ne a rumfar, ni da tsohon da ba ya ganin bakin finjali sai na riƙe masa.

Jama'ar Zango da Birni, ku je ku ci burabuskonsa kafin ruwa ya sauka, ku zauna har na uku. Samarinmu ba su gama dawowa daga hanyoyin Nasara ba, kuma ba kowane gida ke da Baba Kolo a kusa ba. Wanda ya iya hura gawayi ya koyi yin shiru irin nasa.

Ɗakin Mutari a rufe yake, Hajjo na share shi kowace Juma'a. Amma mai ɗakin yana raye, yana riƙe da hauya, masu zuwa daga Dakusa sun ce har ya yi kumatu. Na gode, Baba. Allah ya ba ka mai zama da kai.