Gashin Gira da Kwafi Mai Nauyi

Mai Fensir ake ce mata a layinsu, har maigidanta ya kama. Da rana tana aiki a kemis. In ta dawo sai ta share teburin falo, ta jingina waya da gwangwanin madara, ta ɗauki bidiyon hannunta yana zana fuskokin mutane. A kan gira ta fi daɗewa. Gashi ɗaya-ɗaya take ja, ta ce a nan kamannin mutum yake ɓuya.

Ɗora bidiyon a intanet ne ya gagare ta. Nauyi gare shi, sai ya yi rabi ya cije. Don haka take kai wa 'yar ƙanwar babanta da ke aiki a shagon kwamfuta, wadda ake kira Gwana.

"Yaya, ai sai an matse shi," in ji Gwana. "Wa zai ƙona datarsa a kan gira? Bar min mai nauyin in adana miki, ki ɗora mai sauƙin."

Ta matse shi kuwa, ba tausayi. Girar ta koma baƙin layi guda, inuwar kumatu ta yi dabbare-dabbare, kamar ana leƙe ta gilashin da ya yi raɓa. Mai Fensir ta ɗauka haka intanet yake yi wa kowa. Har godiya take yi.

Ran nan wata mata mai jiran maganin tari ta miƙo mata waya. "Ke da kike ɗan taɓa zane, zo ki ga inda ake yin sa."

Hannunta ne. Wani dattijo ne da ta taɓa zanawa, kowane gashi a tsaye, har ƙurar fensir ana gani a takarda. An yanke gefen da zobenta yake fitowa. Sunan Gwana a sama, jama'a a ƙasa sai sa albarka suke yi.

Ko rigar aiki ba ta cire ba ta nufi shagon.

"Haba Yaya, ke da kunya ta hana ki sa ko hotonki? Ni na fitar da aikin duniya ta gani. Ba gida ɗaya muke ba?"

"To nawa fa, me ya sa kika dishe shi?"

Gwana ta juya wajen mai jiran fotokwafi. "Gaba da baya za a yi, Malam?"

Daga ranar Mai Fensir ta zauna ta koya da kanta. Ta yanki ɗan guntun bidiyo, ta matse kaɗan, ta duba gira, ta sassauta, ta sake dubawa, har ta gano inda nauyi ke raguwa gashi bai narke ba. Ta zana sabuwar fuska, zoben a tsakiyar hoto. Ɗorawar ta cinye mata yamma guda da rabin data.

Sharhin farko ya shigo tana wanke hannu: "Kin yi ƙoƙari, 'yar'uwa, amma ki riƙa faɗin wadda kike kwaikwayo."

A ƙarƙashinsa akwai alamar zuciya guda ɗaya. Ta Gwana ce.