Abin da Aka Binne a Bakin Ganuwa

Ni dai tun ranar da motocin kamfanin nan suka shigo garinmu hankalina bai kwanta da su ba. Kada a ce ƙauyanci ne. Malamar makaranta ce ni, na san sola, na san amfaninta. Amma mu mutanen ƙasar Bukkuyum an sha raina mana wayo a kan wuta. Layin gwamnati da aka jawo daga wajen Gummi, tun ina budurwa turakunsa suke tsaye ƙiƙam, wayoyin kuwa ɓarayi sun daɗe da kwashewa. Sai ga waɗansu da hulunan kwano suna cewa za su kafa tasha a bayan gari, su jera farantan sola da batura, su raba wuta gida-gida, in an gyara babban layi kuma a haɗa su. Na ce mu gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidanku.

Abin da ya rufe mini baki shi ne ƙanena, autan Inna. Ya koyi aikin wuta a Gusau, kamfanin ya ɗauke shi, aka ce in injiniyoyi sun tafi shi zai riƙe tashar. Inna kamar an ba ta kujerar Makka. Kullum da kanta take kai masa tuwo can, da ma gonar gyaɗarta tana jikin shingen kwanon da aka zagaye wurin da shi.

Aikin ƙarshe da suka yi kafin baƙin su tafi rami ne. Auta ya ba ni labarinsa a tsakar gidan Inna yana cin ɗumame. Ya ce sun gina rami a cikin shinge, sun kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon mutum, sun ɗaura mata waya mai kauri daga injinan, sun zuba gawayi da gishiri sun rufe.

Na ce, "Gawayi da gishiri? Kai, tasha kuke yi ko tsubbu?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "Yaya, tsawa baƙuwa ce. In ba ka nuna mata hanyar ƙasa ba, ita ka neman hanya da kanta, ta cikin kayanka. Gawayi da gishiri suna riƙe laima, ƙasa ta shanye wutar."

"A ina kunka gina shi?"

"Kusurwar gabas, bakin tsohuwar ganuwa."

A bakin ganuwar nan ne kowa ya san kakanni sun binne kafin gari, wato asirin da ke tsare gari daga mahara. Ba wanda ya san mene ne. Malamai suna cewa shirka ce, amma ko liman ban taɓa ganin ya sa fartanya a wurin ba. Ƙauyukan da ke kewaye da mu duk 'yan bindiga sun shiga, mu ba su taɓa ba, kuma ka tambayi kowace tsohuwa dalili, ganuwa za ta nuna maka da leɓe. Na faɗa wa Auta haka. Ya ce ni da karatuna. Inna tana gefe tana tsince wake.

Wuta ta zo. Wallahi ta zo, har na ji kunyar bakina. Firjin asibiti ya yi sanyi, famfon unguwarmu ya kawo ruwa ba tare da an sayi fetur ba. Ba mu gama murna ba, wata safiya 'yan bindiga suka faɗo unguwar gabas, suka kore shanu, suka tafi da mata daga bakin rijiya.

Kafin azahar magana ta gama gari: an karya kafi. Mai cajin waya na bakin kasuwa, wanda janaretonsa ya daina kuka tun da tashar ta fara aiki, ya rantse ya ga an shiga shinge da buhun gawayi da na gishiri. Wata ta ce tana ganin Auta ta kafar kwano yana ba ƙasa ruwa da yamma, alhali babu shuka a wurin. Wani ya ce kullum yana hawa tudu yana waya da Turanci. To ina zai samu sabis in ba a tudu ba? Amma wa zai tsaya ya ji? A ƙasarmu a shekarun nan akwai kalmar da in ta manne wa mutum, sai dai a yi masa salla. Infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto.

Ranar Alhamis 'yan sa-kai suka zo ƙofar gidan Inna da bindigoginsu na gargajiya. Ina soro ina ji. Babbansu, mutumin da ƙanwarsa tana cikin waɗanda aka tafi da su, ya ce, "Mi ka binne bakin ganuwa?"

Da Auta ya faɗi gaskiya, wataƙila da an kai maganar gaban hakimi. Amma ya ga bakin bindiga, ya ga idon mutumin, sai na ji ya ce, "Ban binne komi ba." Kai, wawa! Na ji kamar in fita in kwaɗa masa mari. Suka ce to madalla. Gobe in an sauko Juma'a za a tona a gaban kowa. In babu komai, ya tafi gida. Ba su faɗi sauran ba, ba kuma sai sun faɗa ba. Suka tafi da shi ya kwana a hannunsu.

Na roƙi mijina, na roƙi mai unguwa, na je gidan liman. Kowa sai ya ce a bari a tona, gaskiya za ta fito. Gaskiyar ce fa nake tsoro! Na koma wurin Inna ina kuka, ta dube ni ta ce, "Ke, tashi ki tahi gidanki, kin cika mini kunne." Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, amma ranar na ji zafin wannan "ke" ɗin.

Aka sauko Juma'a, gari ya ɗunguma bayan gari. Wani yaro aka aika ya karɓo makullin shingen tashar a wurin Inna. Mu mata muka tsaya daga nesa. Suka tona kusurwar gabas har mai ginan ya nutse zuwa ƙirji. Baƙar ƙasa, taki, guntayen kara. Wani dattijo ya murza ƙasar a hannu ya ce tsohon juji ne. Babu sanda, babu gawayi.

Aka sake shi. Ni kuwa fuskarsa nake kallo, kuma abin da na gani ba farin ciki ba ne. Ya leƙa ramin, ya ɗaga kai ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa.

Daga ranar na zama mai zargin kowa. Wani ya zare sandar nan, kuma ba don Allah ba. Na zargi mai cajin waya: ya kunna wutar tsegumi, ya kuma sace ƙarfen don tashar ta mutu. Na zargi mai sayen gwangwani da ke zuwa ran kasuwa, har na tsaya ina leƙa buhunsa ya tambaye ni ko na yi ɓatan kai ne. Na zargi 'yan sa-kai da kansu. Har mijina na yi wa kallon banza, don ya makara zuwa masallaci ranar. Na daina gaisawa da rabin unguwa. In na kawo zancen, Auta sai ya ce, "Yaya, bar shi."

Shi kuwa ya shiga tsaka mai wuya. Ya rantse a gaban jama'a bai binne komai ba, yanzu ina zai sake gina rami ido na kansa? Ya kira kamfani, suka ce hanya ba ta biyuwa a yanzu. In ya ga hadari sai ya ruga ya kashe komai, mutane su yi ta zaginsa. Ranar da abin ya faru ya hau babur ya tafi Gummi neman wata sandar, da niyyar ya kai wa hakimi ita ya yi bayani tun daga farko. Da la'asar hadari ya taso ba sallama. Ina kwashe shanya na ji tsawa ta faɗa wa tashar. Kafin ruwa ya tsaya, warin ƙonanniyar roba ya cika gari.

Da mutanen kamfani suka samu zuwa, suka ga waya a yanke, babu sanda. Suka ce ya sayar da jan ƙarfen. Bai musa ba. Suka sallame shi, gari kuma ya samu sabon suna ya ba shi: ɓarawo. Ya ɗaure kayansa a bayan babur ya koma Gusau. Inna ta raka shi har bakin hanya, ta dawo ta ci gaba da surfe. Na ce a raina wannan tsohuwa zuciyarta dutse ce.

Can cikin marka, hatsi ya ja baya a rumbun Inna, gwiwarta kuma ta hana ta hawa. Ta ce in jira yaran maƙwabta. Na ce yaran me, ni na mutu ne? Na ɗaura zane na hau na dira ciki. Ina jawo damin gero na ƙarshe, ƙafata ta taki wani abu mai sanyi. Sanda ce, ja, da guntun waya a wuyanta, an sare shi da gatari.

Sai komai ya dawo mini. Makullin da yake rataye a ɗakinta. Lokacin huɗuba, da babu namiji ko ɗaya a bayan gari. Ƙasar da Auta ya yi ta ba ruwa har ta yi laushi. Da tuwon da Inna ta yi ta tuƙawa a kan gawayi a watan nan, ita da take cewa gawayi na matan birni ne.

Na fito da ita na jefar a gabanta. "Inna! Ke ce? Kin san abin da kika jawo? Asibiti ba wuta, gari ba ruwa, ɗanki ana ce mai ɓarawo! Ni kuma na ɓata da mutane a banza!"

Ba ta ko ɗaga kai daga ƙwaryar da take wankewa ba.

"Shi ya sani," in ji ta. "Ya ga laka ga makulli."

"To don mi kinka yi shiru ana zagin shi?"

Sai a nan ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta girgiza ba.

"Ɓarawo shina zuwa gida da salla," ta ce. "Infoma fa? Maida ta inda kinka ɗauko."

Na maida ta. Na ja damin gero na rufe.