Fulakon da Ya Kai Duniyar Mars

Mijin yayata, Dakta Maharazu, shi kaɗai na sani da aka ɗauka aiki don ya riƙa roƙo, alhali ko gishiri ba ya iya cewa a miƙo masa. Ni Raki ƙanwar matarsa ce, don haka ba mai hana ni faɗa. Na zauna da su a gidansu da ke unguwar Sparkbrook a birnin Birmingham, can ƙasar Turawa, saman wani shagon labule a bakin Stratford Road, lokacin ina karatun harhaɗa magunguna, kuma ba labari aka ba ni ba.

Kakarsa Inno ce ta rene shi a Dukku, ita ta ɗura masa fulako tun yana rarrafe. In an yi maka tayi ka ce ka ƙoshi. In kun yi kiciɓis da mutum a bakin ƙofa ka ja da baya. In kana son abu, kada bakinka ya fara faɗa. A Dukku wannan bai taɓa kwanar da kowa da yunwa ba, don mai tayin ma ya san nasa aikin: ka ƙi, ya nace, ka sake ƙi, ya turo maka kwanon ya kau da kai. Abin na mutum biyu ne. Baiwar Allah Inno ba ta san jikanta zai ƙare a ƙasar da in ka ce wa mutum "fara shiga" sai ya ce maka cheers ya wuce ba. Na taɓa hango shi ta taga ana tsuga ruwa, bas ya cika ya tafi, wani ya zo ya cika ya tafi, shi yana tsaye yana nuna wa mutane ƙofa.

Ga yadda aikin nasa yake. Akwai wani kumbo da ke kewaya duniyar Mars, ƙasashe ne suka yi karo-karo suka harba shi. A jikinsa an ɗaura na'urori iri-iri, kowace da masanan da ke da ita. Ta su Dakta ƙarama ce, zafi da sanyin ƙasa take aunawa daga sama. Matsalar ita ce kumbon fuska ɗaya gare shi, in ya juya ya kalli abin da wannan ke so, ya ba wancan baya. Saboda haka kowa sai ya tura buƙatarsa tun da sauran makonni: a duba mini wuri kaza, a karkata kumbon haka, na'urata ta buɗe ido a daidai lokaci kaza. Kwamfuta ta jera su, ta fito da waɗanda suka yi karo. Ranar Talata a hau waya a raba gardama, wata Rebecca tana shugabanta daga cibiyar da ake tuƙa kumbon.

Wajen tsara buƙata ba a cewa komai, Dakta gwani ne. Zai kwana biyu yana lissafin inda rana za ta kasance da inda inuwa za ta faɗa. Amma akwai wurin da ake tambayar mutum muhimmancin abin da ya nema. Duk duniya "dole ne" suke zaɓa. Shi kuwa "in da hali" yake dannawa, wai ai da kunya mutum ya yabi kayansa. Ranar Talata kuma, da Rebecca ta ce buƙatarsa ta yi karo da ta wane, kafin ta rufe baki ya ce, "A'a, su fara, ba komai." Sai ya kara waya a kunne yana murmushi, yana jiran a ce masa haba, kai dai ka fara. Shekara da shekaru yana wannan jiran.

Wanda ya fi kowa morarsa wani Tomas ne, mutumin ƙasar Czech da ke aiki a wata jami'a a Manchester, mai kula da na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ban taɓa ganinsa ba a lokacin, amma na tsane shi kamar ciwon haƙori. Muryarsa nake ji ta bango yana cewa, "Brilliant, thanks, mate," wato madalla, na gode aboki. Shi ke nan an wuce.

Na ce wa Dakta, "Kunyar mara kunya fa asara ce."

Ya ce, "Raki, rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Na ce, "Naka dai yana can sama, wani yana cinyewa kowace Talata."

Da abin dariya ne. Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Ƙaramar hukuma ta rage ranakun ɗakin karatun unguwarmu, aka rufe wurin wasan yara da ake kai Khadijatu, 'yarsu. A wurin aikin Dakta aka karɓe ofishinsa aka ce kowa ya riƙa neman teburin da ba kowa. Kun san abin da ya biyo baya: kullum sai ya tashi ya ba wani, har ya haƙura ya dawo gida da aiki, ya kafa kwamfutarsa a ɗakin kwana kan teburin guga. Ana nan shugabansu ya kira shi ya ce kwantiragin aikinsa zai ƙare ƙarshen shekara, kuma ba za a sabunta wa kowa ba sai wanda ke da sabon sakamako a hannu. Bizarsu duka a jikin aikin nan take rataye. In ya tafi, sai su tattara su bar ƙasar, da matarsa Yaya Murja da ta kusa gama horon aikin jinya, da Khadijatu da ko "ina kwana" sai ta murɗa shi da harshen Birmingham.

Sakamakon kuwa akwai inda zai fito. Wani gangaren dutse ne a Mars da Dakta ya daɗe yana zargin raɓa na daskarewa a kansa da sassafe a ƙarshen sanyin can. Shekarar Mars ta kusa biyun tamu, kuma sau ɗaya kumbon zai bi ta kansa a lokacin da ya dace. A zagayen da ya wuce Dakta ya bar wa Tomas. Wannan karon ma da kwamfuta ta jera, sai ga shi sun sake karo da Tomas.

Muka sa shi a gaba da horo. Yaya Murja ta zuba masa abinci da tsokar nama ɗaya, ni kuma na kai hannu zan ɗauke, shi aikinsa kawai ya ce "nawa ne". Na ɗauka, ya ce, "Ci mana, ke ce mai karatu." Muka sake. Ya buɗe baki, ya rufe, ya tashi ya ɗebo mini ruwa. Yaya Murja ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito idonta ya yi ja. Ranar na ji tsoro na gaske.

Ita ce ta ce a gayyato Tomas ɗin cin abinci, ko ya ga idon yarinya ya ji nauyi. Ya hau jirgin ƙasa daga Manchester wata Asabar da rana. Na shirya ganin ƙaton azzalumi, sai ga wani dogon siriri mai sanƙo, da rigar sanyi ta huje a gwiwar hannu, ya rungumo tukunyar fure. Ya rungume Dakta yana cewa duk aikin nan ba mutumin kirki irinsa, mutumin da bai taɓa buƙatar komai ba. Ya ce su ma a Manchester wuƙar ta iso, rabin ƙungiyarsu za a sallama. Na ce a raina, ina ruwan biri da gada.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Tomas ya ci, aka yi masa tayin ƙari, ya miƙo faranti ba ko kara. Sai Yaya Murja ta juya wajen mijinta.

"Abban Khadija, in ƙara maka?"

"A'a, na ƙoshi."

"Kaɗan dai."

"Wallahi bar shi, alhamdulillahi."

Sai kawai ta sa mara ta kifa masa malmala guda a faranti, ta kwarara miya, ta juya tana goge wa Khadijatu baki. Dakta ya gyara zama ya cinye tas, har da suɗe yatsa.

Tomas ya bi farantin da ido. Da Dakta ya tashi yin la'asar, ya sunkuyo ya tambaye ni da Turanci, ba ya ce ya ƙoshi ba? Na ce ya faɗa. Ya ce to ƙarya ya yi? Na ce a'a, tarbiyya ce. A wurinsu a'ar farko gaisuwa ce, mai hankali ba ya karɓarta, sai ya mayar da tayin ya nace. Khadijatu ta sa baki da cewa, "Daddy always says no. He's starving, really," wato kullum a'a babanta yake cewa, alhali yunwa yake ji.

Mutumin nan ya ajiye cokali. Na ga jan ya taso daga wuyansa ya haye har tsakiyar sanƙon. Ya ce, "Duk Talatocin nan?" Na ce duk. Bai ƙara loma ba, har Dakta ya raka shi tasha bai dawo daidai ba.

Ranar Talata ni da Yaya Murja muka maƙale a ƙofar ɗakin kwana, waya na kan teburin guga an buɗe muryarta. Aka bi buƙatu ɗaya bayan ɗaya har aka iso kan gangaren. Rebecca ta ce, "Maharazu da Tomas, kun yi karo."

Yaya Murja ta ɗaga masa yatsa. Ya kalle ta, ya ce, "Tomas ya ɗauka, ba komai."

Saura kaɗan in jefe shi da dutsen guga. Sai muka ji muryar Tomas, a hankali, kamar mai karanta hadda: "A'a, Maharazu. Kai ka ɗauka."

Dakta ya miƙe tsaye. Hawaye ne fal idonsa. Tun da ya sauka ƙasar nan ba wanda ya taɓa amsa masa sai ranar. Daɗi ya kwashe shi, ya dafe ƙirji ya ce, "Haba, ina ni ina shiga gabanka? Kai ne babba."

"Ni na ƙoshi," in ji Tomas.

"Wallahi ba za a yi haka ba."

"Kaɗan dai."

To ni na ce wa Tomas ya nace, ban gaya masa inda ake tsayawa ba. Shi kuma Dakta ya samu abokin yi, ba zai yarda baƙo ya fi shi kunya ba. Suka yi ta turawa juna kumbo guda da ke can wata duniya kamar ragowar ƙosai. Wani Bafaranshe ya tambaya ko layin ne ya samu matsala. Wata ta ce ita fa tana da ɗaukar yara a makaranta. Can Rebecca ta gaji ta ce tunda ba mai so, za ta soke duka biyun, a juya kumbon ya kalli sararin da ba komai, injiniyoyi su gwada na'urorinsu. Yaya Murja ta zame ta zauna a ƙasa.

Muna jin ƙarar danne-danne ta wayar. Sai Tomas ya ce, "Rebecca, sake dubawa. Ba wani karo. Na goge tawa."

Rebecca ta duba ta ce haka ne, buƙata ɗaya ce ta rage, ta wuce, sai na gaba. Dakta ya buɗe baki zai yi magana, amma Tomas ya riga ya ajiye waya. Abin da ban gaya masa ba ya gani da idonsa a hannun Yaya Murja: a ƙarshe ba tambaya ake ba, zubawa ake a kau da kai.

Bayan makonni kumbon ya karkata ya kalli gangaren. Abin da ya aiko ba hoto ba ne ma, wasu layuka ne masu hawa da sauka, ni ko a jikina. Dakta ya zauna gabansu yana share hawaye da gefen zanin gado, wai raɓar tana nan. Aka sabunta masa aiki, Yaya Murja ta gama horonta, suna nan har yau, sun koma unguwar Balsall Heath.

Sai daga baya muka ji sauran. Buƙatar da Tomas ya goge, shi ma da ita ya dogara. Yana cikin rabin da aka sallama. Yanzu lissafi yake koyarwa a wata sakandare a gefen Manchester. Da Dakta ya ji, kwana ya yi bai ci abinci ba, ko da an zuba. Ya buga masa waya yana ba da haƙuri, Tomas ya ce shekarun da ya yi yana cin rabon wani ai sun ishe shi, a bar maganar. Ni da na tsani mutumin nan, ranar na yi masa kuka.

Dakta bai canja ba, har gobe "in da hali" yake dannawa, sai dai Rebecca ta koyi tambayarsa fiye da sau ɗaya. Duk Sallah kuma Yaya Murja takan cika kula da tuwo da miyar taushe, ya rungume ta a jirgin ƙasa har Manchester. Na bi shi sau ɗaya. Tomas ya buɗe ƙofa da rigar sanyin nan tasa, ya ga kular, ya dafe ƙirji ya ce da Hausarsa ta koyo, "A'a, na ƙoshi."

Dakta ya raɓa ta gefensa, ya shiga gaba, ya wuce kicin yana neman faranti.