Ranar da Allura ta Sauka

Ranar Asabar ce ta ƙarshen hutun damina, shekarar da zan shiga aji shida, Baba ya ɗaga ni cak ya zaunar da ni a kujerar jirgin saman da ya ƙera da hannunsa. Jirgin yana bayan gidanmu a wajen garin Zariya, wutsiyarsa ɗaure a gindin tsamiya da igiyar guga ninki uku, hancinsa yana kallon gonar dawar maƙwabta. Ƙafafuna ko ƙasa ba sa taɓawa. Agoguna uku ne a gabana, amma ɗaya kawai Baba ya ɗora wa yatsa, wanda ke nuna zafin ruwan inji, mai farar allura da jan zane a gefen dama. "Rifkatu, idonki a nan," ya ce. "In ta taɓa ja, ki murɗa makulli ki kashe. Kada ki jira, kada ki tambaye ni."

Baba bakanike ne, kuma ƙananan jiragen koyon tuƙi da ke gilmawa ta kan garinmu su suka hana shi sakat. Ko yana ƙarƙashin mota ya ji ƙararsu sai ya jawo jiki ya fito, ya yi wa ido inuwa da hannu har su ɓace. Shekara shida ya yi yana haɗa nasa. Gangar jikin bututun ƙarfe ce da ya yi wa walda, fukafukan kuwa katako ne da aka lulluɓe da yadi, Mama ta ɗinka a kekenta tana mita daga farko har ƙarshe. Injin daga wata tsohuwar mota ya cire shi, irin wanda ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Baba yana kiransa mai juyi. Ba shi da nauyi ga ƙarfi, shi ya sa ya zaɓe shi, sai dai yana da hali guda. "Wannan bai iya haƙuri da zafi ba," haka yakan ce, "sau ɗaya zai tafasa, shi ke nan, ya gama."

Saboda haka ruwan jirgi ya fi ruwan shanmu gata a gidan nan. Na rijiya bai isa ya shiga lagireto, tankin ruwan inji, ba, wai yana barin farin gishiri a ciki, sai ruwan sama. Da hadari ya taso, sauran yara suna tsalle tsirara a tsakar gida, ni ina gindin indararo ina jiran dattin rufi ya wanke kafin in tara tulu, sannan in tace da tsohon ɗankwalin Mama. Ban taɓa jin haushin aikin ba. Surfe da wanke-wanke da sharar akurkin kaji ne nake yi ina kumbura baki. 'Yan matan unguwa suna gaɗa da carafke a dandali, ni ina tsugune ina miƙa sifana, har na san lamba goma da sha biyu da ido. A makaranta kuwa sunana 'yar mahaukaci mai jirgi. Na yi dambe a kan sunan nan ya fi a ƙirga, an yaga mini riga biyu, na kuma cire wa wani yaro haƙorin da dama yana girgiɗi.

To a wannan Asabar ɗin ne za a tayar da injin da cikakken ƙarfinsa a karon farko, a ɗaure, a ga ko zai jure. Baba zai tsaya gefensa yana jan waya yana saurare, shi ya sa ake bukatar wani ido a kujera. Labari ya riga ya zaga. Katangar bayan gida ta cika da mutane, har da waɗanda ke kiransa mahaukaci a fili, wasu da rake a hannu kamar sun zo kallon kokawa.

Injin ya tashi a bugu na uku. Farfela ta juya har ta daina ganuwa, iska ta kwashe shanyar Mama, kaji suka watse, igiya ta miƙe gam, tsamiya tana ta zubar da ganye. Dariyar kan katanga ta ɗauke. Ni kuwa ina kallon allura tana hawa a hankali, ta wuce tsakiya, ta yi ta matsawa, har ta je ta kwanta a kan jan nan. Hannuna yana kan makulli. Na ɗaga kai na ga Baba yana dariya da dukan haƙoransa, rigarsa tana kaɗawa, na kuma ga bakunan mutanen katanga a buɗe. Na ce a raina, in na kashe yanzu gobe a coci da jibi a makaranta me za a ce? Bari in ƙirga goma. Ina kan bakwai allurar ta girgiza, ta ja da baya, ta sauka har ƙasa da tsakiya. Wani daɗi ya rufe ni. Baba ya waiwayo yana tambayata da gira, na yi masa murmushi na ɗaga babban yatsa.

Abin da ban sani ba, wata mesa ta tsage ta ƙasa, ruwan yana tsiyaya cikin yashi yana ɓacewa. Ɗan ƙarfen da ke jin zafin ruwa ya aika wa agogo, a can saman lagireto Baba ya ɗaura shi. Da ruwa ya ragu ya bar shi a fili, ba abin da yake taɓawa, sai allura ta faɗi alhali injin yana ci da wuta. Bayan ɗan lokaci Baba ya ji wani ƙauri, ya yi mini alama na kashe. Ya tambaye ni allura fa, na ce tana ƙasa, Baba. Da wannan maganar tawa ya sunkuya ya murɗe murfin lagireto da hannu ba ko tsumma.

Ba ihunsa ne ya fi zauna mini ba, ƙarar tururin ce, kamar an tsoma garwashi a ruwa. Wata biyu ya yi a asibiti. Idon hagu ya tafi nan take, na dama ya koma ganin inuwa-inuwa kawai, shi ma ya bi ɗan'uwansa kafin in gama sakandare. Duk wanda ya zo dubiya Baba yakan ce laifinsa ne, shi ya ɗaura ɗan ƙarfen a inda bai dace ba. Ban taɓa buɗe baki na ce allurar ta taɓa ja ba. Jirgin ya zauna a gindin tsamiya, yadin ya ruɓe, kaji suka riƙa yin ƙwai a kujerar da na zauna.

Yau ni nas ce a Doha, ina zaune a Abu Hamour kusa da kasuwar kayan gwari. Aikina kullum kallon lambobi ne a kan gadon marasa lafiya, kuma abokan aikina sun san ni da rashin yarda da na'ura. Zazzaɓi ya sauka farat ɗaya, kowa ya ce khalas, wato shi ke nan, ni sai na je na taɓa mutum da hannuna. A watan Agustan bara, da azahar, muna dawowa ta unguwar Mesaimeer a motar ma'aikata, ina gaba kusa da direbanmu Malam Habu, Bakatsine mai sanyin hali. Na ga allurar zafin motar ta hau ta kusa ja, can kuma ta faɗo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Sista, ta huce." Ban san lokacin da na damƙe masa hannun riga ba, na ce ya tsaya, kada kuma ya kuskura ya taɓa murfin lagireton nan. Abokan aikinmu a kujerun baya suna ta yalla yalla, wato mu tafi, don zafi. Da ya leƙa ƙarƙashin motar, ga ruwa nan ya ja layi a kan kwalta iya ganin ido.

Da yammar ranar na kira gida. Ƙanwata ta riƙe wa Baba waya, fuskarsa mai tabo ta cika gilashin, yana kallon gefe kamar kullum. Na faɗa masa duka, har ƙirgen da na yi zuwa bakwai. "Na sani, uwata," ya ce. "Na ga hannunki a kan makulli, na ga kin kalli katanga. Ni ma ban so ki kashe ba." Sai ya ƙara da cewa murmushin da na yi masa daga kujerar nan shi ne abu na ƙarshe da ya gani sosai a duniya, kuma bai taɓa roƙon Allah ya canza masa da wani ba.

A da jirgi ɗaya ƙarami yakan tsayar da garejin Baba cak. A nan Doha manya-manya ne ke tashi ta kan rufinmu dare da rana, ba mai ɗaga kai, ruwan sama ma sai a yi watanni ban ji ƙamshinsa ba, balle in tara tulu. Baba ya ce ya yafe, na kuma yarda da shi. Amma duk jirgin da ya wuce, sai na ji ina ƙirgawa a zuci, kuma har yau ban taɓa wuce bakwai ba.