Rawar Ya a Kwamfutar Maƙwabta

A layinmu na unguwar Bulumkutu mun haɗa kai mun ja intanet ɗaya, waya ta bi kan katanga daga gida zuwa gida. Daga baya aka kawo wata manhaja kowa ya sa a kwamfutarsa. Kai ka buɗe wa maƙwabta abin da kake da shi su kwasa, kai ma ka kwashi nasu, ba mai ƙona data. Mai gidana tafsiri yake ɗauka da wasan ƙwallo. Mutum ne da ya fi tsoron a ce masa marowaci a kan tsoron ɓarawo. Da manhajar ta tambaye shi wace folda zai buɗe wa jama'a, sai ya ga abin kunya ne ka ci na mutane ka miƙa musu ɗan tsito. Ya buɗe musu kwamfutar gaba ɗaya, ni ban sani ba.

Wata rana da hantsi yana ofis, na kunna ta zan duba wani ɗinki. Sai na ga ƙaramar kibiya tana nuna sama, alamar wani na kwasar abu daga wurinmu, wani koren layi yana ƙara tsawo. Na karanta sunan abin da ake ja. Bidiyon lallen ƙanwata ne.

Ranar lallen nan mata ne zalla a gidan iyayenmu da ke unguwar Shehuri, an rufe zaure. Ya, wato mahaifiyarmu, matar malami ce da ko mai kawo ruwa bai taɓa ganin gashinta ba. Ranar ta ajiye laffaya, ta zame ɗankwali, ta taka rawa saboda autarta. Ta yarda aka ɗauka ne bayan mun rantse mata ba namijin da zai gani. Ga shi wani yana jan sa, kuma manhajar ba ta nuna suna, sai lambobi.

Na kira mai gida a waya. Bai tsaya ya ji ƙarshen zancen ba ya hau roƙona kada in goge manhajar, wai za a ce mun rufe wa maƙwabta ƙofa. Raina ya ɓaci sosai.

"Malam, uwata ake kwasa," na ce masa.

Nan ya bar roƙon. Ya ce in shiga saiti in cire alamar da ke jikin foldoji. Na cire, manhajar ta ce sai ta sake lissafa kayan da ke ciki, ta kama aikinta a hankali kamar ba abin da ya dame ta. Koren layin bai tsaya ba. Na hango wurin rage gudun turawa, na rubuta sifili. Ashe a wurinta sifili na nufin a saki linzami. Layin ya zabura. Ban san lokacin da na fizge wayar intanet daga jikin kwamfutar ba har bakinta ya karye. Layin ya tsaya, saura kaɗan ya cika. Na zauna a ƙasa na yi ta hamdala.

Bayan la'asar maƙwabciyarmu ta yi sallama, malamar firamare ce 'yar kudancin Borno. Ta ƙi zama, ta ja ni kicin ta rage murya.

"Maman yara, tun makon jiya bidiyon Hajiyarku ya shigo kwamfutarmu cikin kayan da mai gidana ya kwaso. Ni na fara gani, na goge. Kunya ce ta hana ni zuwa."

Na riƙe hannunta ina godiya. Ba ta saki nawa ba.

"Ki dai sani, duk abin da ya shigo mana kowa na iya kwasa, don tamu kwamfutar ma a buɗe take. Kwana biyu ya yi kafin in lura."

Ranar Juma'a na je Shehuri gaishe da Ya. Ta tambayi yara, ta tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta ce mutanen kirki ne, in riƙe su da kyau. Na ce to, idona na kan tabarma.